Jirgin Ƙasa da Nijar: Tambayoyin da Ake Yawan Yi a Yamai da Tawa

Maganar jirgin ƙasa ba ta ƙarewa a fadojin Yamai. Wani ya ce ai muna da tasha, wani ya ce tashar da ba jirgi ai sito ce, har shayi ya huce ana gardama. A Tawa kuwa tsofaffi ne ke tayar da ita, waɗanda suka shiga jirgin Abijan suna samari. Ni Ba'adare ne da aiki ya zaunar a Yamai, kuma tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da direbobi da ƴan kasuwa suka fi maimaitawa a gabana. Ba dole a bi su a jere ba. Inda wata amsa ta jingina da wata, na nuna.

Wai Nijar ta taɓa yin jirgin ƙasa kuwa?

In ana nufin jirgin da mutum zai yanki tikiti ya shiga, ko ɗan kasuwa ya loda buhunansa ya karɓi takarda, a'a. Tun zamanin Nasara har yau ba a yi wannan a cikin iyakar Nijar ba. Abin da aka yi shi ne tasha a Yamai da aka buɗe a 2014, da layin dogo mai kilomita 143 zuwa Doso da aka yi bikinsa a 2016, sai dai bai taɓa fara jigilar yau da kullum ba. Labarinsa yana can ƙasa, a amsar da ta shafi tashar Yamai.

Amma kada a ɗauka jirgi bai shafi ƙasar nan ba. Gyaɗar Maraɗi da jirgi ta isa teku. Uraniyum ɗin Arlit ma haka. Gwamnatin Nijar ta yi shekara fiye da 50 tana da kaso a hukumar jirgin ƙasa, illa dai dogon da tashoshin duk a ƙasar maƙwabta suke.

To wane jirgi ne kakanninmu ke cewa sun shiga?

Layukan da suka taso daga kudu suka nufo mu ne, kowanne ya ja birki kafin ya taka ƙasarmu. A ɓangaren Ingilishi jirgi ya iso Kano a 1911. Reshe ɗaya ya tashi daga Zariya, ya bi Gusau, ya tsaya Kauran Namoda a 1929. Wani ya tashi daga Kano ya tsaya Nguru a 1930. A ɓangaren Faransa, layin Kwatano ya kai Paraku a 1936, na Abijan kuma ya kai Bobo a 1934 sannan Wagadugu a 1954.

Ɗauki taswira ka ɗiga Nguru, Kano, Kaura, Paraku da Wagadugu. Za ka ga sun yi wa kudancin Nijar layi kamar baƙin da suka zo gaisuwa suka tsaya a zaure. Kowane yanki da tasharsa: Damagaram na kallon Kano da Nguru, Maraɗi da Gobir na kallon Kano da Kaura, Dandi da Doso da Yamai na kallon Paraku, masu tafiya ci-rani Abijan kuma Wagadugu. Tsakanin tashar da ƙofar gida kuwa, raƙumi ne da jaki da ƙafa, daga baya kamyo.

Me ya hana Faransa shigo da dogo, alhali har da sunan Nijar a jikin layukanta?

Sunan na ruɗa mutane. Dakar-Nijar, Abijan-Nijar, Benin-Nijar: kogin ake nufi, ba ƙasar ba. Burin shi ne kowane layi ya haɗa teku da Kogin Kwara, daga nan jiragen ruwa su karɓa. Daga cikin waɗannan uku, na Dakar kaɗai ya taɓa ruwan kogin, a Kulikoro ta ƙasar Mali.

Dalilin farko kuɗi ne. Tun 1900 dokar Faransa ta ce kowace ƙasar mallaka ta ɗauki nauyin kanta daga harajinta. Nijar kuwa a hannun soja take har 1922, ba ta da koko ko kofi ko katako da zai cika taragu, ga nisan kilomita 1,000 daga teku. Abin da take da shi mai nauyi, wato gyaɗa, a gabas ake noma ta, inda Kano ta fi kowace tashar Faransa kusa ƙwarai. Ko da aka ɗauke babban birni daga Damagaram aka kawo Yamai a 1926, kusa da kogi da hanyar Dahome, hakan bai jawo dogon ba. Karyewar kasuwar duniya ta shekarun 1930 ta zo, Yaƙin Duniya na Biyu ya biyo baya, kafin a farfaɗo kuma babbar mota ta yi ƙarfi, sai aka ga gyaran hanya ya fi sauƙin kuɗi. A ganina dai ba mantawa aka yi da mu ba: lissafi aka buga, aka ga ba riba.

Da gaske ne an so a ratso Sahara da dogo har Yamai?

Da gaske ne, kuma mafarkin ya daɗe. A ƙarshen 1880 Faransa ta tura Kanal Flatters da ayarinsa su auna hanyar da dogo zai bi daga Aljeriya ya gangaro kudu. Abzinawan Hoggar suka far musu a wata rijiya a watan Fabrairu na 1881, suka kashe shi da yawancin mutanensa, maganar ta kwanta.

Ta sake tashi a 1941, lokacin gwamnatin Vichy ta Faransa, a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, da doka sukutum wadda ta kafa layin da aka kira Méditerranée-Niger. Tsarin shi ne ya bi Kolom-Beshar da Adrar na Aljeriya, ya gangaro arewacin Mali, ya rabu biyu: reshe ɗaya Segu, ɗaya Yamai. Da tsararrun sansanoni aka yi aikin farko, cikinsu har da Yahudawa da ƴan gudun hijirar Sipaniya, cikin azaba mai yawa. Dogon bai wuce Abadla ba, ɗan kudu da Beshar. Tsakaninsa da Yamai akwai hamadar gaba ɗaya.

Me isowar jirgi Kano ta yi wa garuruwanmu?

Ta juya mana alƙibla ta kasuwanci. Kafin 1911 kayan Turai na zuwa Kano ne ta arewa: daga Tarabulus, ta Ghat, ta Abzin da Agadas, ta Damargu da Damagaram, tafiyar watanni a bayan raƙumi. Fata da gashin jimina su koma ta wannan hanya. Duk wanda ke bakin hanyar yana ci: mai raƙuman haya, madugu, fatoma, sarkin da ke karɓar fito. Da jirgi ya zo, yadin da ke shan watanni a hamada sai ga shi daga Ikko cikin ƴan kwanaki, da araha. Cikin ƴan shekaru fataucin Tarabulus ya mutu. Agadas da Damagaram, waɗanda a da su ne ƙofar gaba, suka wayi gari su ne bayan gida.

Goro ma ya canza hanya. A da ayarin fatake ke zuwa Gwanja a ƙasa, suna ƙetare kogi ta wajen Dandi su ratsa Bargu. Da aka fara ɗauko goron ta teku zuwa Ikko, jirgin ƙasa ya ƙarasa da shi Kano, zangunan wannan tsohuwar hanya suka rage baƙi.

Wanda ya ci riba shi ne mai gyaɗa. Turawan Ingila auduga suka sa rai jirgin zai kwasa, manoman Kano suka zaɓi gyaɗa, dalar buhuna ta tashi kusa da tasha. Noman ya haye iyaka zuwa Magarya, Matamaye, Tasawa da Maraɗi. Buzayen da suka rasa lodin Tarabulus suka koma yi wa gyaɗa dako zuwa kudu. Kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna, suna ba dillalai kuɗin saye a kaka, kuma daga cikin waɗannan dillalai ne alhazan Maraɗi na farko suka taso. Garin da bai taɓa jin kukan jirgi ba, jirgi ya gina shi.

Kauran Namoda da Nguru fa, me ya haɗa su da mu?

Garuruwan ƙarshen layi ne, kuma ƙarshen layi kasuwa ce ko an so ko ba a so ba, tunda dole a sauke kaya a sake lodi. Nguru ta jawo gyaɗa da ƙaro da fatu da dabbobi daga Manga da gabashin Damagaram. Kaura ta zama tasha mafi kusa ga mutumin Gobir da Ƙonni da Adar wanda ke son ya gangara kudu ko ya sayo gishirin Turawa da kananzir da yadi. Duka biyun sun yi sanyi da hanyoyin kwalta suka yawaita, jiragen Najeriya kuma suka lalace, domin mai mota ba ya bukatar tsayawa inda dogo ya ƙare.

Me ya sa kalmomin jirgi da muke faɗa ba na Faransanci ba ne?

Wannan tambaya daga wata ɗaliba ta fito, kuma ta burge ni. Mu a nan muna cewa lakwal, duwan, jandarma, kamyo, duk daga Faransanci. Amma da an zo kan jirgi sai mu ce reluwe, tasha, tarago, lebura. Waɗannan ta Kano da Zariya suka shigo Hausa, daga bakin waɗanda suka yi aikin diga, wato haƙa da cikon ƙasar da aka ɗora dogon a kai. Harshen ya riƙe shaidar inda Bahaushe ya fara ganin jirgi. Shi kuwa "dogo" namu ne, an dubi tsawon ƙarfen ne kawai aka raɗa masa suna.

A Yamai akwai unguwar da ake kira Terminus tun da daɗewa, kalmar da a Faransanci ke nufin tashar ƙarshe. Sunan ya riga jirgin zuwa.

Yaya aka yi Nijar ta mallaki jirgi a ƙasar Benin?

Daga gyaɗa maganar ta faro. Faransa ba ta jin daɗin ganin amfanin ƙasar mallakarta yana bin jirgin Ingilishi zuwa Ikko. A farkon shekarun 1950 sai ta ƙirƙiro wani tsari da ta kira Opération Hirondelle, wato aikin tsattsewa, tsuntsuwar nan mai kai da komowa. Motoci su hauro daga Paraku da kayan kanti da siminti da mai, su koma da gyaɗar Maraɗi, ba mai tafiya wayam, a kuma daidaita kuɗin dako don hanyar Kwatano mai nisa ta iya gogayya da ta Kano. Gadar Gaya da Malanbil, da aka gama a ƙarshen shekarun 1950, ta sauƙaƙa ƙetare kogi.

A 1959 Nijar da Dahome suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai suna OCDN, wadda ta koma OCBN bayan Dahome ta zama Benin a 1975. Ita ce ta riƙe layin Kwatano zuwa Paraku mai kilomita 438. Amfaninta ya fito fili lokacin yaƙin Biyafara, 1967 zuwa 1970, da hanyar Najeriya ta rikice.

Aikin haka yake a lokacin: kaya su sauka tashar ruwa ta Kwatano, jirgi ya kai su Paraku, a sauke a sake lodawa a motoci, su bi Kandi, Malanbil, Gaya, Doso. Yarjejeniya ta ba motocin Nijar kashi biyu cikin uku na lodin. Tsofaffin direbobi na ba da labarin kwanakin da suka yi a Paraku suna jiran layi ya zo kansu, ana dafa abinci a gindin mota. Wannan sauke-lodin shi ne raunin tsarin: kowane buhu sai an ɗaga shi sau biyu, a biya lebura sau biyu, wani ya fashe, wani ya yi ƙafa. Da kan jirgi da taragu suka tsufa, hanyar kwalta kuma ta haɗe daga Kwatano har Yamai, ƴan kasuwa suka gwammace mota ɗaya daga bakin teku zuwa ƙofar sito. A shekarun 2000 aka daina ɗaukar fasinja a layin.

Me ya sa tsofaffin Adar suka san tashoshin Kodebuwa kamar unguwanninsu?

Saboda bida. Ƙasar Adar dutse ce da fako, damina gajera, saurayi kuma in an gama girbi ba ya zama. Abijan ta zama gari na biyu ga ƙauyuka da yawa na jihar Tawa, kuma tun daga 1954 jirgin Wagadugu ne ke ɗaukar mafi tsawon zangon tafiyar, kimanin kilomita 1,150.

Wani kawuna, Allah ya jiƙansa, ya fara tafiya a shekarun 1960. Daga ƙauye da ƙafa zuwa Tawa, daga nan bayan kamyo a kan buhuna, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, Yamai. Lokacin babu gadar Kennedy, sai a 1970 aka buɗe ta, don haka a jirgin fito aka ƙetare da su da motar gaba ɗaya. Kuɗin jirgi a ɗinke yake cikin ƙugun wando, guzuri kuma ƙuli-ƙuli da dabino da gari a ƙunshin tsumma. Ya ce da kan jirgin ya yi kuka a tashar Wagadugu, wani yaron garinsu ya saki kayansa ya ruga, sai da aka kamo shi ana dariya. Bencin katako suka samu, mutum a jikin mutum, kaji a ƙarƙashin kujera, amma shi bai ga laifinsa ba. "Wanda ya kwana bisa buhu, ɗana," in ji shi, "benci gado na." A Bobo mata ke miƙo abinci ta taga, ciniki da hannu tunda ba ya jin Jula. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne bayan Buwake, inda itatuwa suka rufe sama, shi da ya saba hango mai raƙumi tun yana nisan yini.

Har ya tsufa yana jero mana tashoshin kamar mai tilawa: Kudugu, Bobo, Banfora, Ferke, Katiyola, Buwake, Dimbokoro, Agbobil, Tireshbil. Wanda ya tsallake ɗaya cikinmu sai ya sake daga farko. A Tireshbil, unguwa ce a Abijan, maigida ɗan garinsu ke tarbar su, ya ba su wurin kwana da ɗan jarin talla. Kafin ruwan farko kuma a komo da akwatin ƙarfe, bargo, turmin atamfa na inna, wani lokaci rediyo. Yau jikokinsa bas suke shiga, kuma babu wanda ya iya jerin.

Yaushe aka gina tashar Yamai, kuma wa ya gina ta?

An buɗe ta ranar 7 ga Afrilu 2014, kusa da filin sukuwa, ranar da shugaba Mahamadu Isufu ya cika shekara uku a kan mulki. Shugaban Benin Boni Yayi da na Togo Faure Gnassingbé sun halarta. Kamfanin Bolloré na Faransa ne ya ɗauki aikin, shi ne kuma a lokacin yake riƙe da layin Abijan zuwa Wagadugu ta hannun Sitarail. Babban shirin shi ne zoben dogo mai kusan kilomita 3,000: Abijan, Wagadugu, Yamai, Kwatano, Lome. An so jirgi ya isa Doso don bikin 18 ga Disamba na 2014, wanda aka yi wa laƙabi da Doso Soga, amma sai ranar 29 ga Janairu 2016 aka yi bikin kammala layin, makonni uku kafin zaɓen shugaban ƙasa.

Duk lokacin da zan je gida nakan zauna wajen taga, domin a wurare da dama dogon na raka hanyar mota. Wani wuri ƙarfen na sheƙi, wani wuri rairayi ya binne shi, wani wuri awaki ne kwance a kan tsakuwar. Ran nan wata yarinya a kujerar gabana ta yi ta leƙe tun daga Kure, can ta juya ta ce, "Baba, ina jirgin?" Uban ya ce yana zuwa. Mutanen bas suka yi dariya, ban da shi.

Me ya tsayar da aikin?

Shari'a a Benin. Tun kafin Bolloré ya shigo, Nijar da Benin sun yi kiran tayi a kan layin, kuma kamfanin Petrolin na attajirin Benin Samuel Dossou ya ce shi aka ba a 2010. Da aka sa hannu da Bolloré a 2015 aka kafa kamfanin Benirail ya gaji OCBN, Petrolin ya kai ƙara. A Nuwamba 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta Kwatano ta ce a dakatar da aiki a ɓangaren Benin, kotun ƙoli kuma ta tabbatar da hukuncin a Satumba 2017. Ga kuma wani kamfanin Faransa, Geftarail, da ke cewa shi ma yana da tsohuwar yarjejeniya ta shirin Africarail. A 2018 shugaba Patrice Talon na Benin ya nemi Bolloré da Petrolin duka su janye a nemi ƴan China. A ƙarshen 2022 Bolloré ya sayar da harkokinsa na sufuri a Afirka ga kamfanin MSC. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma iyakar Gaya ta rufe, maganar ta ƙara nisa.

Ko da ba shari'a, akwai abin da ni nake gani kuskure ne tun tushe: an fara gini daga inda babu dogo. Tsakanin Doso da Paraku akwai giɓin sama da kilomita 400. Da daga Paraku aka faro ana haurowa, kowace tasha da aka kai, Kandi ko Malanbil ko Gaya, za ta rage wa mota tafiya tun ranar da aka buɗe ta. Yamai zuwa Doso kuwa tafiyar awa biyu ce a kwalta, ba wanda zai loda kaya a tarago don ya sake sauke su a Doso ya nemi mota. Dubi abin da sauke-lodi ya yi wa Paraku a amsar OCBN.

Mene ne wannan gardama ta faɗin layi?

Tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyun ake nufi, kuma jirgin da aka ƙera wa wani faɗi ba ya hawa wani. Iri uku ne kewaye da mu. Layukan Faransa na Benin da Burkina da Kodebuwa mita ɗaya ne cif, milimita 1,000, kuma da shi aka yi na Yamai zuwa Doso. Tsofaffin layukan Najeriya milimita 1,067 ne. Sababbin nata, irin na Abuja zuwa Kaduna da na Ikko zuwa Ibadan, milimita 1,435 ne, wanda yawancin duniya ke aiki da shi.

Masu suka sun ce an kawo mana tsohon yayi, tunda mai faɗin ya fi ɗaukar nauyi da gudu. Kamfanin ya ce in ba mita ɗaya aka yi ba, layin ba zai haɗu da na Paraku da na Wagadugu ba, sai an tone su duka. Kowa da gaskiyarsa. Matsalar da ke jiranmu ita ce ta gobe: layin da ke zuwa Maraɗi mai faɗin ne, don haka ko an haɗa Doso da Maraɗi wata rana, sai an sauya ɗaya ko a riƙa sauke kaya a tsakiya.

Zafin ƙasarmu da rairayi ba za su lalata dogo ba?

Suna lalatawa in ba a kula. Ƙarfe na miƙewa da zafi: mai tsawon kilomita ɗaya yana ƙara milimita 11 zuwa 12 a kowane digiri ɗaya. Tsakanin asubar hunturu da azahar ta watan Afrilu, wannan ya haura taku guda a kowace kilomita. Abin da ke hana shi lanƙwashewa shi ne sandunan da aka gicciya a ƙarƙashinsa da tarin tsakuwar da ta danne su. In rairayi ya cike tsakuwar, ko ruwan gulbi ya zaizaye ta, ƙarfen sai ya yi maciji. Amma zafi ba hujja ba ce: a Muritaniya jirgin tama na ratsa hamada kilomita 700 daga Zuwerat zuwa Nuwadibu tun 1963. Bambancin shi ne can akwai kayan da ke biyan masu share layin kullum.

Ita Tawa ina rabonta a duk wannan?

Ba a taɓa shimfiɗa mata layi ba, duk da shugaban da ya kawo dogo Yamai ɗan jihar ne, daga Dandaji. Abin da Tawa ta samu maimakonsa hanya ce. Da aka fara haƙar uraniyum a Arlit a 1971, aka ƙara da mahaƙar Akuta a 1978, sai aka yi kwaltar Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit a ƙarshen shekarun 1970, wadda ake kira hanyar uraniyum. A da gangunan uraniyum kan gangaro a mota ta Abalak, Tawa, Tsarnawa, Doso, Gaya har Paraku, sannan su hau jirgi zuwa Kwatano. Wato shekara da shekaru kayan jirgi na ratsa tsakiyar Tawa, a kan taya.

In ana maganar abin da zai cika tarago, jihar ba ta rasa ba: simintin Malbaza, gawayin Salkadamna da har yanzu ke ƙasa, dabbobin Abalak da Cintabaradan, sai albasar Galmi da Madawa da Tamaske wadda ke zuwa Abijan da Akara da Kumasi. Siminti da gawayi su ne abincin jirgi na gaskiya, masu nauyi, marasa gaggawa. Albasa kuwa ba ta son jira a tasha. Kwana uku cikin rufaffen tarago a bazara, sai dai a zubar.

In mutum na son ya bincika tarihin garinsu da jirgi, ina zai fara?

Daga tsofaffin gidanku, kuma da wuri. Tambaye su tashar da suka fara shiga jirgi, nawa suka biya, wa ya sauke su, me suka komo da shi. Tsoffin direbobin Paraku ma suna nan a Gaya da Doso da Maraɗi. Takardu kuwa, rahotannin kumandoji na gidan ajiyar tarihi na ƙasa a Yamai, na gwamnatin Afirka ta Yamma ta Faransa na Dakar, na layukan Kano da Kaura da Nguru kuma na Kaduna. Cibiyar binciken ilimin ɗan Adam, IRSH, ta Jami'ar Abdu Mumuni ma wurin zuwa ce.

Jirgin Kano zuwa Maraɗi zai canza wani abu ga mutumin Yamai ko Tawa?

Shugaban Najeriya na lokacin, Muhammadu Buhari, ne ya ƙaddamar da aikin a Fabrairu 2021, kamfanin Mota-Engil na Fotugal ke yi, a kan kusan dala biliyan 2, kuma Najeriya ce ta ɗauki nauyi. Tsawonsa kilomita 284 ne, ta Dambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, ɗan guntun ƙarshe ne kawai ke cikin Nijar. Hanyar da raƙuman gyaɗa suka bi ce, an juyo ta. Ya fi na Doso da abu ɗaya: ƙarshensa na kudu babbar kasuwa ce, ba fili ba. Sai dai kafin kwantena ta taso daga tashar ruwa ta Ikko ta iso Maraɗi ba sauke-lodi, sai mai faɗin ya haɗe daga Kano zuwa Kaduna, da kuma daga Abuja zuwa Ibadan (dubi amsar faɗin layi).

Ga ɗan Yamai, Maraɗi ta fi kilomita 600, don haka Lome da Kwatano ba za su bar bakinsa ba. Ga Ba'adare abin ya fi kusa. Daga Galmi zuwa Maraɗi kusan kilomita 200 ne, kuma mai albasa ko mai shanu zai zauna ya auna: ya kai kayansa tashar Maraɗi ya biya lebura ya jira tarago, ko ya miƙe ta Ƙonni da Illela a mota ɗaya yadda ya saba.